Sarkin Gayya da Kazar Gajere

Akwai wani manomi da mutanen ƙauyensu suka ɗaga hannu suka zaɓa ya zama sarkin gayya. Shi ke faɗin gonar da za a taru a nome yau, da wadda za ta jira gobe. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa.

To, a garin akwai wani ana ce masa Gajere. Ba shi da gona ko ta shimfiɗa tabarma, sana'arsa kamun ƙafa. Masu manyan gonaki ke aikensa. Da damina ta kankama, sai ga shi a zauren sarkin gayya da kaza a hammata.

"Sarki, wannan gaisuwa ce kawai daga Maigida Dogara," in ji shi. "Amma ka duba, gonarsa ce babba. In ta lalace, wa zai ba garin nan iri baɗi?"

Manomin ya ga maganar da ƙamshin gaskiya, ya kai gayya can. Bayan kwana uku Gajere ya dawo da wata kazar, da sunan wani, da wata magana mai daɗi. Aka kai gayya gonar wannan ma.

Ran nan manomin ya bi ta gonar wata gwauruwa, Iya Rifkatu. Ciyawa ta shaƙe geronta, ganye ya yi ɗorawa. In aka ƙara mako, ba za ta ga ko dami ɗaya ba. Tana duƙe da fartanya ita kaɗai.

"Sannu da aiki, Iya."

Ta miƙe tana dafe ƙugu. "Yauwa, ɗana. Ni ma fa na ɗaga hannu ranar da aka zaɓe ka. Sai dai ba ni da mai shigar mini zaure."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Da ya isa gida ya ce wa matarsa ta kamo kajin nan a mayar.

"Ɗaya ai ka sha romonta," in ji ta.

"To, kamo tamu."

Washegari ya naɗe tabarmarsa daga zaure, ya shimfiɗa ta a gindin tsamiya a tsakiyar gari. Ya ce duk mai magana a kan gayya ya zo nan ya faɗa a kunnen kowa, ya kuma faɗi wanda ya aiko shi.

Gajere ya zo yana raɗa: "Sarki, ɗan ba ni kunnenka."

"Ɗaga murya, Gajere, Iya ba ta ji sosai. Wa ya aiko ka yau?"

Gajere ya yi ta sosa ƙeya, jama'a na dariya. Da kyar ya faɗi sunan, ya faɗi buƙatar. Aka saurara, aka auna, aka ce wancan ya jira jibi. A ranar fartanya arba'in suka shiga gonar gwauruwa da kiɗa, sarkin gayya a gaba. Kai, namiji ke nan!

'Ya'yana, ga ma'anar misalin nan. Sarkin gayya shi ne duk wanda muka zaɓa, ko kansila, ko ɗan majalisa, ko dattijon ikilisiya. Gajere kuwa su ne masu bin ofisoshi da saƙon manya. Ba a ce a ɗinke musu baki ba, mai babbar gona ma yana da buƙata. Amma a hana su ƙofar baya, a hana kaza, su faɗi mai aikensu a fili. Ku lura, manomin nan bai taɓa sata ba, kunnensa kawai ya ba mutum ɗaya, gwauruwa ta kusa kwana da yunwa.

Wata rana a cikinku za a zaɓi wani. Ranar, kada ya tambayi wa ke bakin ƙofarsa. Ya tambayi wa bai samu zuwa ba, ya tashi da ƙafarsa ya je ya same shi.