Gwaggon Biri a Ruwan Zafi

An yi wani Gwaggon Biri a gindin wani dogon dutse, tun zamanin da dabbobi ke ziyartar juna. Abokansa biyu ne, Rema mai tsiwa da tsohon Damo mai haƙuri. Shi Biri ba abin da yake ji da shi kamar gashinsa, don a lokacin har mazaunansa gashi ne mai sheƙi.

A saman dutsen akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi mai kwarmi uku. Duk shekara idan sanyi ya kankama, su ukun sukan hau tare, suna hira, suna tsayawa Damo ya huta. Al'adarsu ita ce a fara da kwarmin ƙasa mai ɗumi-ɗumi, sai jiki ya saki a matsa na tsakiya. Na sama kuwa kallonsa kawai ake yi.

Wata shekara aka yi sanyin da har raɓa ta daskare a kan ciyawa. Damo na jan ƙafa da ƙyar.

"Baba Damo, a haka ai sai damina za mu isa!" in ji Biri.

"Yi haƙuri, ɗan nan. Gwiwoyin ne suka ƙi."

Rema ta ce, "Kai mai ƙarfin banza, goya shi mana!"

"In goya wa? Wannan mai kaushin ya yamutsa mini gashi?"

Biri ya yi gaba abinsa. Damo ya ɗaga murya, "To idan ka isa, fara da na ƙasa! Jikin da ya sandare ba ya jin ƙuna!"

"Na ƙasa na masu ciwon gwiwa ne!"

Ya isa haƙoransa na kaɗawa, ya zarce kwarmin sama, ya zauna daram. "Ashe tsoro ne kawai irin na tsofaffi," in ji shi. "Ko zafi babu."

Yana nan zaune har abokansa suka ƙaraso, Rema na tura Damo ta baya. Rema ta leƙa ruwan.

"Sarkin ado, gashin wane ne wannan yake yawo?"

Biri ya duba, ya zabura da ihu. Mazaunansa sun saɓule, sun yi jawur. Damo ya kwaɓa laka mai sanyi ya shafa masa.

Gashin bai sake fitowa ba, kunya kuma ta hana Biri sake hawa dutsen. Rema kuwa ba za ta iya sake tura Damo ita kaɗai ba. Haka tafiyar ta mutu, ciyawa ta cinye hanyar. Damo ya ƙare kwanakinsa a bakin raminsa, yana kallon tururin daga nesa.

Darasin wannan labari shi ne, 'ya'yana, idan wanda ya riga ku sanin hanya ya yi magana, ku saurara, ku kuma rage sauri ku jira shi. Mai girman kai ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.