Ƙarafan Dakta Mato

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku.

A wani asibitin karkara an yi wani tsohon likita, Dakta Mato. Duk yankin shi kaɗai ya iya tiyatar da ba a tsaga ciki: a huda 'yan ƙofofi, a zura kyamara da dogayen ƙarafa, a ɗinke hanji ana kallon allo. Likitoci uku ke koyo a hannunsa, Hindatu da Tanimu da Barau.

Hindatu ta fi shan wuya. Shekara biyu tana sayo hanjin rago a mahauta, ta sa a kwali mai 'yan ƙofofi, ta ɗinka ta cikinsu. In ta gama, Dakta ya ɗura ruwa ya ce, "Yana yoyo, 'yata. Da mutum ne kin kashe shi. Sake." Ta sha kuka a ɓoye.

Ba ta gama ƙwarewa ba ciwo ya kada Dakta. Ƙari ya fito masa a ciki ya toshe hanji, ga ciwon sukari, in an tsaga shi ba zai warke ba. Birni kuwa ba zai kai da rai ba.

Hindatu ta ɗauki ƙarafan, alhali ba ta taɓa yi a jikin mutum ba. Awa biyar ta yi, ta cire ruɓaɓɓen wurin, ta haɗa bakin hanjin biyu. Bai yi yoyo ba.

Tanimu ne ya ba da maganin barci. Sau biyu zuciyar tsohon ta tsaya, sau biyu ya dawo da ita.

Barau ya ba da jininsa da safe, sannan ya riƙe kyamara jiri na ɗibarsa. Shi ya hango jijiyar da ke zuba a inda idon Hindatu bai kai ba.

Dakta ya farfaɗo, har ya sha kunu. Amma su ukun sun riga sun ga ƙarin ya kama hanta. Kwana talatin da shida ya ƙara, ya rasu. Hindatu ta daina cin abinci, tana ganin duk wahalar a banza ta tafi.

Ba a jima ba aka watsa su ukun zuwa aiki a garuruwa uku. Ƙarafan kuwa na Dakta ne, akwati ɗaya, ba sa aiki in an raba. Matarsa ta kawo akwatin ta ce, "Ya ce a ba wanda ya fi tsaya masa. Bai faɗi suna ba." Gari biyu dai dole su rasa.

To, ku faɗa mini, wa za a miƙa wa akwatin nan?