Ɗan-biri da Tiyon Tienie

A ƙauyenmu, gefen Kamieskroon, akwai wani makaniki mai suna Tienie Beukes. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa son ganin ƙwaf da rashin haƙuri. Tun yana yaro shi ne mai fasa ƙwai don ya ga ko ɗan tsako ya haɗu. Ni maƙwabciyarsu ce, katangarmu ɗaya, na san halinsa kamar yunwar cikina.

Mahaifiyarsa, Ouma Griet, ta rasu ta bar masa lambunta. A ciki akwai wani fure shuɗi mai ƙamshi da muke ce wa ɗan-biri, don birai kan tono saiwarsa mai kama da albasa su cinye. Daga dutsen da aka haife ta ta kawo irinsa tun tana amarya. Kafin ta cika, 'yar Tienie, Lenie, ta yi mata alkawarin cewa ranar bikinta da wannan furen za ta shiga coci. Aka sa biki watan Satumba, lokacin da furanni ke buɗewa, don mu a nan da sanyi ruwan sama ke sauka.

To, da rani lambun Ouma fili ne kawai, ko ganye ɗaya babu. Kowa ya saba da haka, Tienie ma ya saba, amma bana nauyin a kansa yake. Abin ya tsaya masa a rai. Me ke faruwa a ƙarƙashin ƙasar nan? Albasoshin furen suna da rai kuwa? Wata safiya na leƙa ta katanga na gan shi gurfane yana tono da hannu.

Na ce, "Kai Tienie, birin ma in ya tono ci yake yi. Kai me kake nema?"

Ya ɗago wata albasa a bushe ƙamas ya ce, "Anti, duba fa. Ƙishirwa za ta kashe su."

Na gaya masa barci suke yi, uwarsa ba ta taɓa ba su ko kofi ɗaya da rani ba. Ya ce ai tsohuwa ba ta da tiyo ne shi ya sa. Ya jawo tiyo daga tanki, kullum sai ya jiƙa lambun sharkaf a cikin zafin nan. Bayan 'yan kwanaki ya sake tonowa ya ga sun kumbura, ya zo yana nuna mini yana washe baki. Wallahi har ni na fara tunanin ko yaron nan ya gano wani abu ne. Na riƙa leƙe ni ma.

Sanyi ya shigo, ruwa ya sauka. Duwatsu suka yi kore, sannan suka cika da fure, har bakin titi, har kan juji. Lambun Ouma shiru, sai wani wari-wari. Da Tienie ya sa hannu a ƙasa, albasar ta narke masa a tafi kamar ruɓaɓɓen dankali. Ya bi layi-layi yana tonowa, duk haka. Ya zauna daɓas a cikin taɓon, na tausaya masa ƙwarai.

Lenie ce ta zagaya bayan kejin kaji, inda tiyo bai kai ba, ta tarar da 'yan tsiraru sun buɗe, shuɗi shar. Su ta riƙe ranar biki, ba su ko cika mata hannu ba. A ƙofar coci ta dubi ubanta ta ce, "Baba, Allah ya so mu tiyonka gajere ne."

Darasin shi ne, ba duk abin da ya yi shiru ne ya mutu ba, kuma ba kowane taimako ne ke da amfani ba. Kafin ka gyara abin da ka gada, tambayi yadda masu shi suka raya shi. Sauri ya haifi nawa, kuma mai tono don ya gani, sau da yawa ɓarnarsa yake gani.