Wuƙar Tsahara da Hannun Hagu

Yau dai Kaka ta ƙarasa min labarin wuƙar nan! Matso ki ji.

Wai a wani zamani mai tsawo, can bayan duwatsun da rana ke kwana, an yi wani sarki, Jatau, wanda ba abin da yake so irin wuƙaƙe. Ɗaki guda ya cika da su, kuma ba wadda ya bari yadda ta zo. Wata ya sa an yi mata ƙota ta hauren giwa, wata an zana sunan mahaifinsa a jikinta, wata an rage tsawonta ta dace da tafinsa. Cewa yake, wuƙar da ba a gyara ta don hannunka ba, baƙuwa ce a gidanka.

Guda ɗaya ce ya hana a taɓa, 'yar ƙarama mai ƙotar itace, ta marigayiya matarsa Tsahara, 'yar sarkin aljanun kogi. Alkawarin aurensu shi ne, duk kaka da wuƙar nan za a yanke zangarniyar gero ta farko, in ba haka ba geron ƙasar ya zama ƙarfe a tsaye. Tsahara ce ke yankewa, ita kaɗai cikin gona. Da ta rasu sarki ya karɓa, amma kullum wuƙar sai ta goce ta yanke shi. Wata shekara kuwa sai ƙotar ta tsage, ga gero ya nuna, har ya fara ƙara irin ta ƙarfe in iska ta kaɗa shi.

Aka tara maƙera. Kowa ya ce sai an sake ƙota. Sarki ya ce, "Ku dubi wannan lotsawar, yatsanta ne ya ci itacen. Iyakar abin da ya rage min na hannunta ke nan. Ba za a cire ba."

A cikinsu akwai wani saurayi, Cindo, mai yatsu shida, wanda tun yana yaro yake sassaƙa wa kansa ƙota don ta kowa ba ta zauna masa. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, maƙeri na iya rage ƙarfe, ya wasa, ya ɗaure, ya yi zane. Abin da ya cire ne ba ya iya mayarwa. A bar ni in riƙe ta kafin in ce komai."

Ya riƙe da dama, ba ta zauna ba. Ya mayar hagu, sai babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai wuƙar nan bahaguwa ce. Kaifin ma ta gefen hagu aka kwantar da shi, shi ya sa take goce maka."

Sarki ya tuna yadda Tsahara ba ta taɓa yanka komai a gaban mutane ba. Sai 'yarsa, Gimbiya Dela, ta fito daga bayan labule ta miƙa hannun hagu. Tun tana ƙarama masu renonta ke buge mata shi, har ta koyi ɓoye shi cikin mayafi.

Ta ce, "Baba, ni ma haka nake. Inna ta sani. Ita ta ce in yi haƙuri."

Sarki ya kama hannun, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe ba a itace kaɗai ta bar min shi ba."

Cindo bai cire ƙotar ba. Ya naɗe tsagewar da zaren azurfa, ya bar gurbin yatsan fili, ya wasa kaifin ta gefensa na asali. Baduku ya ɗinka kube da za a rataya a dama, don hagu ya zaro. Dela na zaune a maƙerar ana aunawa, tana cewa nan ya matse, nan ya yi daidai. Ta ce masa, "Kai da yatsa ya yi wa yawa, ni da hannu ya sauya wa hanya, wa zai yi wa wani dariya?"

Ranar yanka, a gaban duk jama'a, ta ɗaga hagu ta sare zangarniyar sau ɗaya. Gonaki suka yi laushi, kogi ya yi guɗa. Bayan girbi ita da bakinta ta gaya wa sarki wanda take so, aka ɗaura aurenta da Cindo.

Kin san me? Da Kaka ta gama, sai ta ɗauko 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa ta sa min a hagu, kuma ta zauna daram. Ashe ita ma bahaguwa ce irina! Don Allah kar ki gaya wa kowa tukuna, ko Mama ba ta sani ba.