Mutumin Da Ya Zauna A Kan Tsaga

Ƙawata Tabita, ki ajiye abin da kike yi ki karanta wannan. Misali ne na rubuta domin darasin Lahadi, kuma da ɓacin rai na rubuta shi.

Akwai wani mutum mai jirgin fito a bakin wani babban kogi. Wata rana jirgin ya bugi dutse, katakon ƙasa ya tsage. Mutumin ya cusa tsumma a tsagar, ya shafe da kwalta, ya bi da fenti, ya sa shi a kasuwa.

To, al'adar garin ita ce, in za a sayar da jirgi sai a kife shi a kan yashi. Mai sayarwa ya zaga da mai saye a gaban dattawa, yana ɗora tafin hannunsa a kan kowane lahani yana faɗa. Mutumin nan ya nuna ƙusar da ta yi tsatsa, ya nuna gefen da ya goge. Da aka matso kusa da tsagar sai ya ce ƙafarsa ta gaji. Ya hau ya zauna a kanta, ya baza rigarsa.

Mai saye ya ce, "Ɗan'uwa, da saura?"

Ya ce, "Ai ka gani da idonka."

Mai saye ya ji daɗi, ya ce, "Ban taɓa ganin mai gaskiya irinka ba. Daga yau iyalinka kyauta za su riƙa hayewa."

Amma mutumin bai taɓa barin kowa na gidansa ya shiga ba. Kullum da dalili, yau ruwa ya cika, gobe yaro na mura. 'Ya'yan maƙwabta kuwa, yana tsaye a gaɓa yana ɗaga musu hannu.

Ranar kasuwa, a tsakiyar kogi, kwaltar ta saki. Aka tsamo waɗanda aka tsamo. Wata mata da ba a ga ɗiyarta ba ta zo ta tsaya a gabansa, zanenta na ɗigar ruwa, ta ce, "Kai da aka ba kyauta, me ya hana naka shiga?" 

Ma'anar misalin nan ke nan. Jirgin shi ne duk abin da ya bar hannunka zuwa hannun wani, ko akuya ce, ko ɗaki. Tsagar ita ce lahanin da kai kaɗai ka sani. Zaman kuwa shi ne shirun da muke kira wayo. Mutumin zai ce bai yi ƙarya ba. Ubangiji ba bakinsa kaɗai ya duba ba, ya ga inda ya zauna. Wanda ya hana ɗansa ya tura ɗan wani, ya san abin da yake yi.

Tabita, mutumin nan Irmiya ne, ɗan cikina. Ya sayar da jirginsa mai inji, wurin faɗin lahani a takardar mallaka ya bar shi fari. Ni na ga tsagar da idona. Da na yi magana ya ce, "Mama, haka ake kasuwa." Ni da na goye shi zuwa majami'a.

Na aika wa mai sayen kada jirgin ya taɓa ruwa sai bayan Lahadi, ban faɗi dalili ba. Irmiya zai ji misalin nan a zaune. In bai je ya faɗa wa mai sayen ba, Litinin ni zan je.

Kafin nan ki rufa mini, kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki. So nake ya sauka daga kan tsagar da kansa.