Tsohon da Yake Kwance Igiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana. Ku ce ta zo, sa'an nan ku gyara zama.

Akwai wani mutum mai mashigi a bakin wani babban kogi. Kogin nan yana da ƙarfin gudu, jirgi ba ya iya tsayawa a gaɓa da kansa. Saboda haka aka kafa turaka bakwai a bakin ruwa, kowane turke da igiyoyin rama guda uku. In jirgi ya iso, matuƙi ya jefo igiyarsa ɗaya, ma'aikatan gaɓa su cafe, su murɗe ta da ukun nan. Suna murɗawa jirgi yana matsowa, har gefensa ya manne da gaɓa, a sauke kaya lafiya.

To, igiyar da ta sha ruwa ta sha ja ba ta kwantuwa da sauri, matuƙa kuwa ba su da lokacin jira. Sai su bar tasu a jikin turke, su karɓi wata sakakkiya su wuce. Mai warware waɗanda aka bari wani tsoho ne, Baba Habila. Kullum yana zaune gindin turke da basillarsa, yana raba igiya da igiya.

Wata shekara abinci ya yi wuya, bakunan da ke ci a gidan mai mashigi suka yi masa yawa. Ya tsaya yana kallon majiya ƙarfi suna ja suna gumi, ga tsoho a zaune yana warware abin da suka murɗe. Ba mugun mutum ba ne, amma damuwa ta rufe masa ido. Ya matsa ya ce, "Baba, ka sha aiki. Ka koma gida ka huta haka nan."

Tsoho ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wa zai riƙa kwancewa?"

"Ɗaurewa ce take kawo jirgi, Baba."

Tsoho ya sa basilla a aljihu, ya yi wa kowa sallama, ya tafi.

A makon nan zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Rifkatu, matar mai mashigi. Mijin ya zauna a gefenta, bai leƙa bakin kogi ba. Ma'aikata kuwa, in turke ɗaya ya ƙulle sai su matsa na gaba, ba wanda ya sanar da mai mashigi. Da jiki ya tsananta, ya aika a kawo magani daga garin da yake can saman kogi.

Ran kwana na takwas da hantsi aka hango jirgin maganin. Mai mashigi ya sheƙo da gudu. Matuƙi ya jefo igiya, aka cafe, aka nufi turke na farko, a ƙulle yake. Na biyu ma haka, har na bakwai. Mutum uku suka riƙe igiyar da hannu, ruwa ya fizge ta, ta saɓule musu fatar tafin hannu.

Matuƙi ya yi ihu, "Kai mai mashigi! Turakan naka duk sun yi aure ne, ba ko gwauro ɗaya?"

"Jefo maganin kawai!"

"Kwalba ce! In ta fashe a kan dutsen nan, kai za ka lashe ta?"

Ruwa ya gangara da jirgi, har matuƙi ya samu ya rungumi reshen wata bishiya a inda gaɓa take da tsayi, ba wurin sauka. Ya ɗaga murya ya ce, "Sau ɗaya zan iya turo shi baya da gora. In hannuna ya gaji, sai dai ku neme ni jibi!"

Mai mashigi ya san matarsa ba za ta kai jibi a haka ba. Ya juya ya nufi gidan Baba Habila, ya tarar da shi yana ba kaji dawa. Ya cire hula, ya durƙusa. Tsoho ya dube shi ya ce, "Yaya jikin Rifkatu?" Da ya ji amsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko basilla.

A gindin turke mai mashigi ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. "Baba, ga wuƙa, mu yanke!"

"In ka yanke, guntu za su zama. Da me za ka jawo jirgin? Zuba mini ruwa a nan."

Ya zuba. Tsoho ya laluba da yatsa har ya gano inda murɗin ya fara, ya cusa basilla, ya ɗaga kaɗan, ya bi shi baya a hankali. Igiya ɗaya ta saki, ta biyu ta biyo, sai ga ukun a sake. Aka yi wa matuƙi kira. Ya turo jirgi ta gefen gaɓa yana nishi, ya jefo igiya, aka murɗe, jirgi ya matso har ya taɓa ƙasa. Kwalba ta fito daga hannu zuwa hannu. Kafin kwana uku Rifkatu ta tashi zaune ta nemi kunu.

Ma'anar wannan misali ita ce, jikinka ma yana da irin wannan mashigi. Masana sun ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, suna kai kaya daga wuri zuwa wuri. In jaka ta iso, wasu sinadaran jiki da ake kira furotin, masu kama da zare, sukan murɗe da juna, su jawo bangon jakar har ya haɗe da bangon inda za ta, kaya su shiga. Akwai kuma wani furotin da suke kira NSF, aikinsa ya warware zaren nan domin a sake aiki da su. Umarnin yinsa yana rubuce cikin ƙwayoyin gadon da ka samu daga iyayenka. Allah da ya shirya ɗaurewa, shi ya shirya kwancewa.

Zuciyarka ita ce gaɓar. Kowace magana da aka faɗa maka ta yi zafi, kowane laifi da ka riƙe, igiya ce da aka bari a turkenka. Yau ɗaya, gobe ɗaya, kana matsawa gaba kana cewa ba kome. Ranar da Ubangiji ya aiko maka da alheri, wataƙila ta hannun wanda ka daina gaisarwa, sai a rasa inda za a ɗaure. Gafara ita ce aikin Baba Habila. Ba ta da hayaniya, ba ta sauri, kuma ba da wuƙa ake yinta ba, gama yanke zumunci ba kwancewa ba ne.

Ƙurunƙus, misali ya ƙare a bakina. Kai kuma ka san sunan wanda igiyarsa take ƙulle a turkenka. Ka bi ta ƙofar gidansa kafin ka isa naka.