Gyaɗar Gafiya da Fiton Dorina

An yi wata Gafiya a bakin wani kogi, wadda ba ta da abin alfahari kamar rumbunta na gyaɗa. Ƙwaya-ƙwaya ta tara ta, don kada 'ya'yanta su kwana da yunwa idan rani ya yi tsanani. Aibinta ɗaya ne, komai cikar rumbun, a idonta da saura.

Maƙwabciyarta Dorina kuwa akwai daɗin baki. Wata rana ta fito daga ruwa, ta ce za ta fara sana'ar fito, ta riƙa tsallakar da dabbobi a bayanta. Da farko kyauta ne, har duk wanda ya hau a damƙa masa gyaɗa. In sun saba, sai a yanka musu ladan fito.

"To, gyaɗar wa za a damƙa musu?" in ji Gafiya.

"Taki mana, ƙawata. Ki zuba rumbu ɗaya bana, in lada ya fara shigo miki, baɗi ki gina goma."

Goman nan ce ta tafi da hankalin Gafiya. Washegari ta buɗe rumbu.

Kafin a ce me, bakin kogi ya cika maƙil. Biri ne kan gaba kullum, ga su Bushiya, ga su Kunkuru. Gafiya kan hau tudu ta dubi layi, daɗi kamar ya kashe ta, har ta fara zaɓen filin da za ta gina sababbin rumbuna.

Da gyaɗa ta yi rabi, sai Gafiya ta dubi abin da ya rage. Ta ce a fara karɓar lada.

"Ke kin cika gajen haƙuri," in ji Dorina. "Ba su gama sabawa ba. Kuma na ji Kada ma zai fara fito. So kike su koma wajensa?"

"Gyaɗata ce ke ƙarewa, ba taki ba."

"Layin nan fa? Duk dukiyarki ce a tsaye."

Gafiya ta sake duban layi. Haka ta ci gaba da ɗiba, har hannunta ya kai ga kason 'ya'yanta. Ta san bai kamata ba, amma ta ga abin da ta riga ta zuba ya fi ƙarfin ta juya.

Ranar da rumbu ya koma fayau, dole aka yi shela cewa daga yau fito sai da lada. Gafiya ta zauna da ƙwarya tun hantsi har la'asar, ko ƙadangare bai zo ba. Can ta hango Biri a kan reshe, ta tambaye shi ko ya daina zuwa tsallake ne.

Biri ya yi dariya ya ce, "Baba Gafiya, ke kin taɓa zuwa? Je ki gani."

Sai a lokacin ta tuna ko sau ɗaya ba ta taɓa tsallakawa ba. Ta hau bayan Dorina suka haye. Babu gona a can, babu kasuwa, babu ko inuwa, sai rairayi da ƙaya. A kan rairayin ga sawun dabbobi birjik, kowanne ya ɗan taka kaɗan ya juyo bakin ruwa, inda suke jira a maido su su karɓi wata gyaɗar.

Dorina ta maido ta, ta ajiye ta a gaɓa, ta ce Allah bai nufa ba, ta nutse abinta. Ita ba ta yi asarar komai ba. Gafiya ta daɗe a tsaye, nadama ta cika mata ciki, don ta san 'ya'yanta na can bakin rami suna jiran abincin dare.

Darasin wannan labari shi ne, taron da kyauta ta tara ba shi ke nuna ana buƙatar sana'arka ba. Kafin ka buɗe rumbunka, ka tsallaka ka gano abin da ke kai mutane can.